Ƙirƙira Daban, Maye Gurbi Daban: Tsokaci a Kan Yadda Sabon Fayil Ke Cinye Tsoho

Gabatarwa

Tun daga lokacin da na'ura mai ƙwaƙwalwa, watau kwamfuta, ta gaji akwati da kabad wajen ajiyar rubuce-rubuce, wahalar malami da ta ɗalibi ta koma zama a cikin abin da ake kira fayil. Kundin neman digiri fayil ne, jerin kalmomin da aka tattaro domin ƙamus fayil ne, haka kuma muryar mawaƙi ko ta tsohuwa mai tatsuniya da aka sha rana aka ɗauko daga ƙauye. Galibin masu aiki da na'urar sun san hatsarin goge fayil, kuma sukan yi taka-tsantsan da shi. Amma akwai wani hatsarin da ya fi wannan muni, wanda ba kasafai akan yi maganarsa ba, watau a zo da niyyar ƙirƙirar sabon fayil, sai sabon ya hau kan wani tsoho mai suna irin nasa, ya cinye shi kakaf, ba tare da na'ura ta ce uffan ba. Fayil ɗin da aka goge sau da yawa yakan faɗa kwandon shara, a iya tsamo shi. Wanda aka rubuta wani abu a kansa kuwa, sunansa yana nan daram a inda aka bar shi, sai ranar da aka buɗe a tarar da baƙo a ciki.

Idan irin haka ta auku, akan ɗora laifi a kan mai na'ura, a ce sakaci ya yi. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, laifin ya fi rataya a wuyan wanda ya tsara manhajar, watau jerin umarnin da na'ura ke bi ta yi aiki. Ƙirƙirar sabon fayil aiki ne mai zaman kansa, maye gurbin tsoho shi ma aiki ne mai zaman kansa, kuma duk manhajar da ta cuɗa su a cikin umarni guda ta ɗana tarko, wanda ko ba daɗe ko ba jima sai ya kama wani. Manhaja mai amana ita ce wadda idan aka ce ta ƙirƙira, ta tarar wani ya riga ya kama sunan, za ta dakata ta ƙi, ta kuma faɗi dalilinta.

Asalin Matsalar

Lamarin yana da tarihi. A shekarar 1969 Ken Thompson da Dennis Ritchie da abokan aikinsu a ɗakunan bincike na Bell, a ƙasar Amurka, suka soma gina Unix. Unix babbar manhaja ce, irin wadda ke tsayawa tsakanin na'ura da sauran ƙananan manhajoji, kuma ita ce ke riƙe da rajistar fayiloli da sunayensu. Wajen shekarar 1972 Ritchie ya ƙago harshen C, wanda da shi aka sake rubuta Unix ɗin. A cikin Unix akwai wani umarni mai suna creat, wanda ma'anarsa ita ce ƙirƙira. Sai dai aikinsa biyu ne. In babu fayil mai sunan da aka ba shi, sai ya ƙirƙiro; in kuwa akwai, kuma mai umarnin yana da iznin rubutu a kansa, sai ya kwashe duk abin da ke ciki, tsawon fayil ɗin ya koma sifiri. Harshen C ya gaji wannan hali a umarninsa na buɗe fayil mai suna fopen, muddin aka haɗa shi da harafin w mai nufin rubutu. Daga C halin ya yaɗu zuwa harsunan da suka biyo baya, irin su PHP da Python.

An ruwaito cewa da aka tambayi Thompson abin da zai sauya in da zai sake gina Unix, sai ya ce zai cike harafin nan guda da ya ɓace a ƙarshen sunan creat. Raha ce ya yi, amma ga mai nazarin harshe, giɓin da ke cikin ma'anar kalmar ya fi na harafin girma, domin kuwa suna ya ce gini, aiki kuma ya haɗa da rushewa. Ba za a ga baikensu ƙwarai ba, saboda a zamaninsu masu taɓa na'ura 'yan kaɗan ne, ƙwararru, waɗanda suka san juna. Wanda ya cancanci zargi shi ne wanda ya ci gaba da tafiya a kan wannan hali bayan na'ura ta shiga hannun kowa.

Abin da ya kamata mai karatu ya lura da shi shi ne, shafewar tana aukuwa ne tun a lokacin buɗewa, kafin a rubuta ko da harafi ɗaya na sabon abu. Alal misali, a ce ɗalibi yana da fayil mai suna kalmomi, yana son ya jera abin da ke ciki bisa tsarin abacada. Sai ya ba Unix umarnin sort ya karanta kalmomi, ya kuma sa alamar nan mai kama da bakin kibiya domin a zuba sakamakon a cikin kalmomi ɗin. Abin da zai faru shi ne, manhajar da ke karɓar umarni za ta fara buɗe wurin zuba sakamako ta share shi tas, sa'an nan ta kira sort, wanda zai zo ya tarar babu abin jerawa. Ba a yi kuskuren rubuta umarni ba, na'ura ba ta yi gargaɗi ba, amma aikin watanni ya tafi. Ko almajiri ba ya wanke allonsa sai ya biya wa malam abin da ke kai, malam ya yarda ya zauna. Ita kuwa na'ura da irin wannan umarni wankewa take fara yi.

Yadda Sunaye Ke Karo

Wani zai ce, ai sai mutum ya kula da sunan da yake ba fayil. To, matsalar ita ce, sau da yawa ba mutum ne ke raɗa sunan ba, manhaja ce, kuma sunaye biyu da ido ke gani daban suna iya zama ɗaya a wurin na'ura.

Da farko akwai batun babban baƙi da ƙarami. A kan Linux, wanda ya bi sawun Unix, fayil mai suna Kano da mai suna kano abubuwa biyu ne, suna iya zama a jaka guda. A kan Windows da macOS kuwa, bisa yadda suke zuwa daga masana'anta, suna ɗaya ne. Idan aka kwaso jaka daga na farko zuwa na biyu da manhaja marar lura, ɗaya zai danne ɗaya.

Na biyu ya shafi masu rubutun Hausa kai tsaye. Manhajoji da dama, musamman masu karɓar fayil ta intanet, sukan tace suna su fitar da duk harafin da ba ya cikin abacadan Ingilishi. Waɗansu sukan mai da ƙ ta koma k, ɗ ta koma d, ɓ ta koma b. Waɗansu kuma su jefar da harafin ɗungum. Ta haka baki da baƙi za su zama suna guda, haka kafa da ƙafa, haka dari da ɗari. Daɗin daɗawa, rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali. A ɗauka ana shirya ƙamus mai murya, inda za a ɗauki furucin kowace kalma a ajiye da sunanta. Wuya na jiki da wuya mai nufin wahala suna ɗaya za su samu. Gashi na kai da gashi na nama haka. Fari na launi da fari na rashin ruwan sama da fari jam'in fara, duk ukun za su yi rububin gurbi guda. Manhajar da ke buɗewa da harafin w za ta bar na ƙarshe kaɗai, kuma babu wanda zai farga sai an zo sauraro, wataƙila bayan mai muryar ya koma garinsu.

Na uku shi ne inda suna ke fitowa daga hannun baƙo. Fayilolin da aka ɗaure a ƙunshi guda, irin su zip da tar, kowane yana ɗauke da sunansa da kwatancen inda za a ajiye shi. Mugu yana iya sa kwatancen da zai fitar da fayil daga jakar da ake kwance ƙunshin, ya kai shi can kan wani muhimmin fayil na na'ura. A shekarar 2018 kamfanin Snyk ya bayyana yawan manhajojin da ke da wannan rauni, ya raɗa masa suna Zip Slip. A harshen Python an ba da rahoton irinsa a sashen kwance tar tun 2007, a ƙarƙashin lamba CVE-2007-4559, amma sai ga shi a 2022 masu bincike na kamfanin Trellix sun ƙiyasta cewa ayyukan manhaja fiye da 350,000 suna ɗauke da shi. A nan magana ta wuce ta haɗari, ta zama ta tsaro.

Dubawa Kafin Rubutu Ba Ta Wadatar Ba

Mai tsara manhaja da ya fahimci wannan hatsari, abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne ya raba aikin biyu: ya fara tambayar babbar manhaja ko akwai fayil mai wannan suna, in ta ce babu, sa'an nan ya buɗe ya rubuta. A ido wannan dabara ce mai kyau, kuma ita ce ta fi yawa a ayyukan masu koyo. Amma tana da kafa. Na'urar zamani ba aiki ɗaya take yi ba. Ɗaruruwan manhajoji ne ke karɓa-karɓa a cikinta, kuma tsakanin tambaya da buɗewa, ko da tazarar ba ta kai ƙiftawar ido ba, wata manhajar tana iya shigowa ta kama sunan. Kamar fasinja ne da ya leƙa mota a tasha ya ga kujera babu kowa, ya juya ɗauko jakarsa, ya dawo ya zauna ba tare da ya sake dubawa ba. Abin da ya gani gaskiya ne a lokacin da ya gani, amma ba a lokacin da ya zauna ba.

Masana sun daɗe da sanin wannan rige-rige. A shekarar 1996 Matt Bishop da Michael Dilger suka buga wani nazari a kansa, inda suka nuna yadda ake cin amanar manhajojin Unix ta wannan kafa, kuma a jerin raunukan manhaja da hukumar MITRE ke kula da shi an ba shi lamba CWE-367. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ga yadda ƙadangaren ke shiga. A Unix akwai wani nau'in fayil wanda babu kome a cikinsa sai kwatancen inda wani fayil yake, ana iya kiransa ɗan jagora, domin duk wanda ya buɗe shi sai ya ja shi zuwa can. Akwai kuma wata jaka mai suna /tmp, wadda kowa ke da iznin ajiya a cikinta. A ce wata manhaja mai cikakken iko a kan na'ura ta saba ajiye bayanin wucin gadi a wannan jaka da sunan da ake iya hasashe. Mugu sai ya jira ta duba ta ga babu kome, ya yi wuf ya dasa ɗan jagora da wannan suna, mai nuni zuwa /etc/passwd, watau rajistar masu izni a kan na'urar. Manhajar za ta buɗe, ɗan jagora ya ja ta, ta share rajistar da hannunta. Mugun ba shi da ikon taɓa wannan fayil, amma ya ari hannun mai iko. Kuma ba sai ya dace a karon farko ba, tun da yana iya sa tasa manhajar ta yi ta gwadawa sau dubbai har ta dace.

Maganin da Ya Daɗe a Ajiye

Abin takaici shi ne, maganin ba sabo ba ne, kuma ba shi da tsada. Hikimarsa ita ce kada a raba dubawa da ƙirƙira, a miƙa su duka biyu ga babbar manhaja a umarni guda, tun da ita ce ke riƙe da rajista, ita kaɗai ke iya hana wani shiga tsakani. A ƙa'idar POSIX, wadda aka fara fitarwa a 1988 domin daidaita dangin Unix, idan aka kira umarnin open tare da alamomi biyu, O_CREAT da O_EXCL, to dubawa da ƙirƙira sun zama aiki ɗaya wanda ba ya tsaguwa. In sunan yana nan, umarnin zai ƙi, ya dawo da amsar EEXIST, watau akwai shi. In ma ɗan jagora ne aka dasa a wurin, ba za a bi shi ba, ƙin dai za a yi. A kan Windows, umarnin CreateFile yana da zaɓin CREATE_NEW mai irin wannan aiki, kusa da CREATE_ALWAYS mai sharewa.

Harsunan tsara manhaja sun yi jinkiri wajen kawo wannan kusa da hannu. Ƙa'idar harshen C ta farko ta fito a 1989, amma sai a ta 2011 aka shigar da harafin x a cikin fopen, mai nufin a ƙi buɗewa in fayil yana nan. Shekara 22 ke nan. Java ya sami CREATE_NEW a fitowarsa ta 7, ita ma a 2011, Python kuma ya sami nasa harafin x a fitowar 3.3 ta shekarar 2012. Har manhajar karɓar umarni tana da nata makulli mai suna noclobber, wanda in an kunna shi alamar bakin kibiya ba za ta hau kan fayil ɗin da ke nan ba. Da shi ɗalibin da aka yi misali da shi a baya zai tsira da kalmominsa. Game da fayilolin wucin gadi kuwa, tsohon umarnin mktemp suna kawai yake zaɓowa ya bar mai manhaja ya buɗe da kansa, watau ya bar kafar rige-rige a buɗe, shi ya sa aka cire shi daga POSIX a bugun 2008. Wanda ya gaje shi, mkstemp, yakan zaɓi sunan ya kuma ƙirƙiri fayil ɗin a tashi ɗaya. Shi ma Linux, daga fitowar 3.6 ta 2012, ya sami wani kariya da ke hana bin ɗan jagoran da wani ya dasa a jakar kowa-da-kowa.

Waɗanda suka yi aikin tattara adabin baka da rakoda za su tuna da kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963. A gefensa na sama akwai 'yan ƙananan harsuna biyu na roba. In aka ɓalle su, maɓallin ɗauka ba zai dannu ba, kome gaggawar mai dannawa. Wanda ya ƙera kaset bai dogara ga natsuwar mai rakoda ba, ya san ɗan Adam ajizi ne, sai ya sa ƙin a jikin abin. Harafin x da alamar O_EXCL su ne wannan harshe na roba, bambancin kawai shi ne ɓalle shi a hannun mai tsara manhaja yake.

Idan Maye Gurbin Ake Nufi

Ba a ce kada a taɓa sauya fayil ba. Wanda ya gyara babi na uku na kundinsa lalle yana son sabon ya zauna a gurbin tsohon. Amma shi ma wannan aiki yana da ladabinsa, kuma abin da ya sami Jami'ar Kyoto ta ƙasar Japan ya isa darasi. Tsakanin 14 da 16 ga Disamba na shekarar 2021, babbar na'urar bincike ta jami'ar ta yi asarar bayanai kimanin tirabait 77, watau fayiloli wajen miliyan 34 na ƙungiyoyin bincike 14, kuma wani kaso daga ciki ba a iya dawo da shi ba. Reshen Japan na kamfanin Hewlett Packard Enterprise, mai kula da na'urar, ya ɗauki alhakin abin, ya kuma bayyana yadda ya faru. Akwai wani fayil mai ɗauke da jerin umarni, wanda cikin aikinsa har da goge bayanan aiki da suka wuce kwana 10. Ma'aikata sun gyara shi, suka rubuta sabon a kan tsohon kai tsaye, alhali kuwa tsohon yana cikin aiki. Manhajar bash da ke bin umarnin ba ta haɗiye fayil gaba ɗaya, kaɗan-kaɗan take karantawa tana aiwatarwa. Sai ta fara da tsohon rubutu ta ƙarasa da sabo, sunan wurin da za a yi gogewa ya zo mata fanko, umarnin gogewa ya afka wa ayyukan masu bincike. Abin da ya ƙara wa lamarin ɗaci shi ne, fayil ɗin na tsarin ajiyar kwafi ne, watau mai gadi ne ya yi ɓarnar.

Hanyar da ta dace sananniya ce. A ƙirƙiri sabon fayil da wani suna na wucin gadi a cikin jakar da tsohon yake, a rubuta kome a ciki, a tabbatar da umarnin fsync cewa ya sauka a ma'ajiya, sa'an nan a kira rename ya ɗora masa sunan tsohon. A ƙa'idar POSIX wannan sauyin suna aiki ɗaya ne marar tsaguwa: mai neman sunan ko dai ya sami tsohon cikakke, ko ya sami sabon cikakke, ba zai sami rabi da rabi ba. Manhajar da ta riga ta buɗe tsohon kuma za ta ci gaba da karanta shi har ta gama. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, abin da za a rasa shi ne sabon da bai kammala ba. Sai dai a kula, shi ma rename yakan danne abin da ya tarar ba tare da tambaya ba. Don haka ne Linux, a fitowar 3.15 ta 2014, ya kawo renameat2 mai zaɓin RENAME_NOREPLACE domin wanda ke son sauya suna ba tare da danne kowa ba.

Hujjojin Masu Ja da Wannan Ra'ayi

Akwai masu cewa manhajar da ke yawan ƙi tana gajiyar da mutane, kuma wanda aka dame shi da tambaya yakan koyi danna "e" ba tare da ya karanta ba. Wannan gaskiya ce, amma tana nuni ne ga munin yawan tambaya, ba ta wanke shafewa a ɓoye ba. Ƙin da babbar manhaja ta yi ba dole ne ya isa ga mutum ba. Manhaja tana iya karɓar amsar EEXIST ta ƙara lamba a jikin sunan ta sake gwadawa, kamar yadda manhajojin shiga intanet ke yi in an sauko da fayil iri ɗaya sau biyu. Tsohuwar babbar manhajar VMS ta kamfanin DEC, wadda aka sanar a 1977, ta ma wuce nan, domin kowane sabon rubutu lambar bugu yake samu, tsohon yana nan har sai an share shi da gangan. Ashe ana iya kare mutum ba tare da an dame shi ba.

Waɗansu kuma sukan ce ajiyar kwafi ta isa. Kwafi wajibi ne, babu ja. Amma kwafi yana amfani ne in an farga da wuri. Fayil ɗin da aka danne a ɓoye, tsarin kwafi zai ɗauki gurɓataccen ya ajiye, in aka jima ya watsar da mai kyan. Kwafi kuma ba ya hana mugu ya sauya rajistar masu izni ya shige cikin na'ura a daren.

Hujja ta uku ita ce ta fi nauyi, watau cewa O_EXCL ba ya maganin kome da kome. Haka ne. Yana tsaron sunan ƙarshe ne kawai. In mugu yana da ikon sauya ɗaya daga jakunkunan da ke kan hanya, yana iya karkatar da rubutun. Ba ya hana Zip Slip shi kaɗai, sai an tace kwatancen da baƙo ya kawo. A tsofaffin tsare-tsaren raba fayil tsakanin na'urori, irin NFS kafin fitowarsa ta 3, ba a iya dogara da shi. In kuma sunan mai sauƙin hasashe ne, mugu yana iya riga kama shi don kawai ya hana manhaja aiki. Duk da haka, a auna asarar biyu. A ɗaya, aiki ya tsaya, an ga saƙo, an gyara. A ɗaya kuwa, aiki ya tafi sumul, abin da ba shi da madadi ya salwanta. Kasancewar ƙofa ba ta hana mai haurowa ta katanga ba dalili ba ne na kwana da ita a buɗe.

Kammalawa

Mai karatu yana iya tambaya, me ya haɗa sashen Hausa da wannan magana? Abubuwa biyu ne. Na farko, ayyukan da ake yi a irin wannan sashe, na ƙamus da taskar rubuce-rubuce da ɗaukar murya, sun dogara ga 'yan ƙananan manhajoji da ɗalibi ko wani mai taimako ke rubutawa cikin gaggawa. Malamin da ke duba irin wannan aiki ba sai ya iya harshen C ba kafin ya yi tambaya guda: in sunaye biyu suka yi karo, me manhajar za ta yi? In amsar ita ce na biyu zai hau kan na farko, ko kuma ba a taɓa gwadawa ba, to kada a ɗora mata amanar abin da aka tattaro. Gwajin ma ba shi da wuya: a ba ta baki da baƙi, a ga ko biyu za su fito. Ya kamata kuma kowane abin da aka ɗauka ya sami lambarsa ta kansa a matsayin suna, kalmar da bayaninta su zauna a rajista daban.

Na biyu, masu fassara saƙonnin manhaja zuwa Hausa daga irin wannan sashe suke fitowa. Kalmar "adana" tana da sanyi a kunne, tana sa mutum ya saki jiki, alhali a ƙarƙashinta wani lokaci akwai rushewa. Haƙƙin mai fassara ne ya bambanta "ƙirƙiri sabo" da "maye gurbin wanda ke nan", ya kuma sa saƙon gargaɗi ya ambaci sunan abin da za a rasa ƙarara. Kuskuren da aka yi a sunan creat, na kiran aiki biyu da kalma ɗaya, bai kamata a maimaita shi da Hausa ba.

Masu iya magana sun ce tun ran gini ran zane. Ranar da ake rubuta layin da zai buɗe fayil, a ranar ake yanke hukuncin abin da zai sami aikin wani bayan shekaru. Bambancin da ke tsakanin w da x harafi ɗaya ne, kuma waɗanda suka san yadda ɗigon lanƙwasa ke raba kafa da ƙafa ba su ne za a tsaya yi wa dogon bayani a kan nauyin harafi ɗaya ba.